Fasta a Kan Buhun Fulawa: Finafinan Asiya, Bukukuwan Turai da 'Yan Kallon da Tarihi Ya Tsallake

A ƙarshen watan Afrilun kowace shekara, garin Udine da ke arewa maso gabashin Italiya yakan cika da baƙi. Gari ne da mutanensa ba su wuce dubu 100 ba, ba shi da masana'antar fim, ba shi kuma da wata tsohuwar alaƙa da Hong Kong ko Seoul. Amma tun 1999 wata ƙungiyar masoya silima mai suna Centro Espressioni Cinematografiche take shirya bikin Far East Film Festival a can, har ya zama babban dandalin nuna finafinan kasuwa na gabashin Asiya a nahiyar Turai. Fiye da mako guda ana cika zauren Teatro Nuovo mai kujeru wajen 1,200 tun daga hantsi har tsakar dare, ana kallon finafinan faɗa, na ban tsoro, na barkwanci da na soyayya. Babbar kyautar bikin ba ta hannun alƙalai take fitowa ba. 'Yan kallo ne ke kaɗa ƙuri'a bayan kowane fim, abin da suka zaɓa shi ne gwani.

Udine na da 'yan'uwa. Akwai Sitges a Spaniya tun 1968, wanda ya ƙware a finafinan ban tsoro da na al'ajabi. Akwai Fantasia a Montreal ta Kanada, da ya fara a 1996 da finafinan Hong Kong da Japan. Akwai Bucheon a Koriya ta Kudu tun 1997, da bikin finafinan Asiya na New York tun 2002, ga kuma sashen tsakar dare na bikin Toronto da aka buɗe a 1988. A kewayen waɗannan bukukuwa wata al'umma ta ginu ta 'yan gani-kashe-ni: masu tara tsofaffin kaset, masu sayen fasta da tsada, masu rubuta littattafai kan daraktocin da a da ko sunansu ba a ambata a jami'a. A bakin wannan al'umma labarin yana tafiya ne kamar haka: finafinan sun kasance a yashe, masana sun raina su, sai wasu 'yan tsiraru masu ido a Turai da Amurka suka gano darajarsu suka fito da su fili.

Hujjar wannan maƙala ita ce labarin nan gaskiya ne, amma rabi ne. Finafinan da ake kallo yau a Udine a matsayin abin da aka tono daga rami, a Kano da Accra da Yamai su ne abincin yau da gobe na gidajen silima tsawon shekaru talatin ko fiye. Waɗancan 'yan kallo sun riga bukukuwan, sun fi su yawa nesa ba kusa ba, kuma sun bar shaidar yadda suka fahimci finafinan. Mafi ƙarfin wannan shaida ita ce fastar hannu ta ƙasar Gana, kuma abin da ya sami fastar nan bayan ta ƙetare teku ya isa ya nuna mana yadda ake rubuta tarihin kallo da kuma wanda ake bari a waje.

Sai mu fara da inda finafinan suka fito. Kamfanin Shaw Brothers, wanda Run Run Shaw ya kafa a Hong Kong a 1958, ya gina katafaren sansanin shirya fim a Clearwater Bay, inda 'yan wasa ke kwana a ɗakunan kamfani, ana ɗaukar fim dare da rana. A 1967 fim ɗin The One-Armed Swordsman na Chang Cheh ya buɗe zamanin jarumi namiji mai takobi da zubar da jini. A 1970 Raymond Chow ya bar Shaw ya kafa Golden Harvest, shi ne kuma ya ɗauki Bruce Lee. Cikin ƙasa da shekara uku Lee ya yi The Big Boss a 1971, Fist of Fury da The Way of the Dragon a 1972, sai Enter the Dragon a 1973, shekarar da ya rasu yana ɗan shekara 32. Tun asali ba don Hong Kong kaɗai ake yin waɗannan finafinai ba, don garin ya yi ƙanƙanta da ya mayar da kuɗin. Shaw na da jerin gidajen silima a Singafo da Malesiya, kuma ana tsara labari ne yadda mai jin wani harshe zai bi shi ko bai gane magana ba. Fim ne da aka haifa don tafiya. Yana da arha ga dillali, jiki ne ke magana a cikinsa, saboda haka ya isa kasuwannin da finafinan Amurka suka yi wa tsada.

Masu tarihin silima sukan tsaya a watan Mayun 1973, lokacin da finafinan Hong Kong uku suka hau saman jerin finafinan da suka fi ciniki a Amurka, a matsayin ranar da duniya ta san kungfu. Amma zazzaɓin na Amurka bai daɗe ba. Cikin 'yan shekaru finafinan suka koma tsofaffin silimun tsakiyar birane, inda baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka suka ci gaba da riƙe su. Daga cikin waɗannan yara ne ƙungiyar mawaƙan Wu-Tang Clan ta fito, wadda kundinta na 1993 ya ɗauko sunansa daga finafinan Shaolin. A Afirka kuwa zazzaɓin bai sauka ba. Ya zauna ya zama jadawali.

Masanin halayyar al'umma Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya rubuta cewa a lokacin gidajen silima na nuna fim ɗin Indiya dare biyar a mako, na Hong Kong dare ɗaya, na Amurka dare ɗaya. A duba wannan lissafi da kyau: dare shida cikin bakwai na Asiya ne. A birnin da aka buɗe silimar Rex tun 1937, aka zo aka yi Palace a cikin gari a farkon shekarun 1950, sannan Plaza, Orion, El Dorado, Queens da Marhaba, Hollywood ce baƙuwa. 'Yan kasuwar Labanan da suka mallaki yawancin silimun su ne suka fara shigo da finafinan Indiya, suka ga sun karɓu fiye da yadda suka zata. Mother India na 1957 ya yi shekaru ana maimaita shi ana cika gida. 'Yan kallo sun raɗa wa 'yan wasan sunaye irin nasu, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin, an manna hotunansu a gilasan tasi da bas da bangon shagon tela. Masu bandiri sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya sun ɗora begen Annabi a kai. Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun bi sawun wannan tasiri daki-daki, har zuwa littattafan soyayya da finafinan Kannywood da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990.

Ɓangaren Indiya ya sami marubuta. Dare ɗayan nan na 'yan Chana shi ne bai samu ba, alhali duk wanda ya tashi a birnin Hausa tsakanin 1975 da 1995 ya san yadda yara ke fitowa daga kallo suna tsalle suna kai ƙafa, ana rabon wa zai zama akta wa zai zama bos, ya kuma san kulob-kulob na kareti da suka cika filayen makarantu da yamma. Me waɗannan 'yan kallo suka gani?

A ɗauki The 36th Chamber of Shaolin na Lau Kar-leung, 1978. Wani ɗalibi ne, Gordon Liu ya fito a matsayinsa, sojojin Manchu suka kashe iyalinsa da malaminsa, ya gudu da rauni zuwa haikalin Shaolin. Abin mamaki a fim ɗin shi ne ramuwar gayyar ba ta ci lokaci mai yawa ba. Zuciyar fim ɗin horo ce. Kafin ya ci abinci sai ya tsallake tafki ta kan damin itace masu yawo a ruwa, yana faɗawa yana jiƙewa yana kwana da yunwa. A wani ɗaki yana ɗaukar bokitin ruwa biyu hannuwa a miƙe, an ɗaura masa wuƙaƙe a damatsa yadda in ya sassauta za su soke shi a haƙarƙari. A wani yana buga ƙararrawa da doguwar sanda mai nauyi a baki, da wuyan hannu kaɗai. A wani an kafa masa sandunan turare biyu masu ci a gefen fuska, yana bin haske da ido ba tare da ya motsa kai ba. Da ya gama ɗakuna talatin da biyar aka ce ya zaɓi wanda zai shugabanta, sai ya roƙi a bar shi ya buɗe na talatin da shida, inda za a koyar da talakawan da ba 'yan haikali ba. Yaron da ya shekara yana zuga zugazugi a maƙera kafin ubangidansa ya bar shi ya taɓa masaba ba ya bukatar mai yi masa sharhin wannan fim. Ya san ilimi na hannun malami, ana samunsa da haƙuri da hidima, kuma wanda ya samu akwai haƙƙin mutanensa a kansa.

Haka Fist of Fury. A Shanghai ta farkon ƙarni na ashirin, inda baƙi ke iko da unguwanni, ɗalibi ya dawo ya tarar malaminsa ya rasu, 'yan makarantar Japanawa suka kawo allon cin mutunci wurin makoki. Ya mayar musu da allonsu har gida. Daga baya aka hana shi shiga wani lambu, ya daka tsalle ya farfasa allon da ya haɗa 'yan ƙasar da karnuka wajen hani. Mutanen da suka ga unguwar Turawa da idonsu, suka san wuraren da ɗan ƙasa ba ya shiga sai in shi kuku ne ko boyi, ba da daɗewa ba bayan samun mulkin kai, ba wasan motsa jiki kaɗai suka kalla a nan ba. Marubuci Vijay Prashad ya yi wannan bayani a littafinsa na 2001 game da alaƙar Afirka da Asiya: a karon farko ga jarumin da ba Bature ba, ƙaramin jiki, ba bindiga, yana kayar da waɗanda suka fi shi girma da gata. Ban ce kowane ɗan kallo ya fita yana tunanin mulkin mallaka ba. Yawancinsu faɗan ne ya kai su, kuma faɗan ya cancanci a je dominsa. Amma mutum ba ya komawa ga labari ɗaya shekara ashirin in bai ga kansa a ciki ba.

Matsalar mai bincike ita ce kallo ba ya barin sawu. An kashe majigi, an watse, tikiti ya zama shara. A nan ne fastar Gana take da muhimmancin da ya wuce kyanta.

A shekarun 1980, da na'urar bidiyo ta shigo Gana, wasu 'yan kasuwa suka buɗe gidajen kallo a unguwannin Accra da Kumasi, wasu kuma suka ɗora talabijin da bidiyo da ƙaramin janareta a mota suna bin ƙauyuka. Kaset na zuwa ba tare da fasta ba, buga babbar takarda mai launi kuwa ya fi ƙarfin aljihunsu. Sai suka koma wajen masu rubuta allon shago. Mai zane zai sami buhunan fulawa na yadi, ya farke su, a wanke, a ɗinke biyu su zama shimfiɗa ɗaya mai kusan tsayin mutum, sannan ya bi ta da fentin mai. In ka juya bayan irin wannan fasta sau da yawa za ka ga tambarin kamfanin fulawar bai gama gogewa ba. A gaba kuma, ban da hoton, akwai sunan gidan kallon da ya ba da aikin, da sa hannun mai zanen, wani lokaci har da kwanan wata. Fentin ya tsattsage a layukan da ake naɗe ta, gefunanta sun yage inda ƙusa ta sha shiga, rana da ruwan sama sun ci launin. Kowane tabo a jikinta lissafin garuruwan da ta je ne. Sunayen masu wannan aiki sanannu ne: Joe Mensah, Alex Nkrumah-Boateng, Leonardo, D.A. Jasper, Stoger, Heavy J, da wanda ke sa hannu da Death Is Wonder. Kowannensu da hannunsa, wanda ya saba yana bambance su daga nesa.

Abin da aka fi faɗa game da fastocin shi ne wai masu zanen ba su kalli finafinan ba, shi ya sa suke zana abin da babu. Wani lokaci haka ne, kwalin kaset kaɗai aka ba su ko aka ba su labari da baki. Amma ɗaukar wannan a matsayin kuskure rashin fahimtar aikin fasta ne. Ba a ɗauki mai zane don ya ba da rahoton fim ba. An ɗauke shi don ya tsayar da mai wucewa, ya sa shi ya laluba aljihu, a titin da wani gidan kallon ke da tasa fastar a tsallake. Don haka yana zana alkawari ne, kuma alkawarin da ya san mutanensa za su saya. In ya ƙara wa jarumi ƙwanji, ya ninka girman maciji, ya sa bos ya cika rabin buhu, yana gaya mana abin da ɗan kallon Accra na 1990 yake nema a fim da kuma yadda yake jera muhimmancin abubuwa. Yawan fastocin kungfu da na ninja da na Indiya a cikin waɗanda suka tsira shi kansa ƙididdiga ce ta abin da aka fi kallo. Yawan macizai da mayu a fastocin finafinan Gana da Nijeriya kuma ya dace da abin da mai bincike Birgit Meyer ta bayyana game da alaƙar bidiyon Gana da majami'un Fentikos, inda fim ke zama hanyar fito da abin da ke ɓoye a duniyar ruhohi. Fasta sharhi ce da aka rubuta da fenti, daga hannun wanda ke zaune cikin 'yan kallo.

Ba Gana kaɗai ke da wannan sana'a ba, kuma ba a ko'ina aka raina ta ba. M.F. Husain, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zanen Indiya, da zanen allunan silima ya fara neman abinci a Bombay a shekarun 1930. A Hong Kong, Yuen Tai-yung ya zana fastocin finafinan barkwancin 'yan'uwan Hui tun daga 1975, da na Jackie Chan da wasu da dama, kuma a 2017 masana'antar garinsa ta karrama shi a bikin kyaututtukanta na shekara. Wato mutanen da aka yi wa aikin su ne suka ce ya yi kyau.

Masu zanen Gana ta wata hanya suka bi. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 talabijin da bidiyo sun shiga gidaje, fastar inji ta yi arha, sana'ar ta durƙushe. A daidai lokacin ne dillalan kayan fasaha daga waje suka fara saye. Ernie Wolfe na Los Angeles ya fitar da littafin Extreme Canvas a 2000, aka yi nune-nune a Amurka da Turai, daga baya gidan Deadly Prey a Chicago ya shiga haɗa masu zanen da masu saye kai tsaye. Yau mutum na iya biya a zana masa fastar duk fim ɗin da yake so a salon Gana. Kuma a nan ne abin ya juya. Fastocin da suka fi yawo a intanet su ne na finafinan iyali da na barkwanci irin su Mrs. Doubtfire, waɗanda aka cika da jini da yankakkun gaɓoɓin da babu su a fim ɗin. Mutane na dariya suna cewa dubi yadda 'yan Afirka suka fahimci fim ɗin nan. Alhali yawancin irin waɗannan ba su taɓa rataya a ƙofar wani gidan kallo ba. Sababbi ne, an yi su ne don mai saye na waje, kuma mai zanen, da yake gwani ne wajen karanta abokin ciniki, ya ba shi abin da ya zo nema. Har yanzu fastar shaida ce, sai dai wanda take ba da shaida a kansa ya canza. A da tana nuna abin da ɗan Accra ke so daga Hong Kong. Yanzu tana nuna abin da ɗan Chicago ke so daga Accra.

Irin wannan ya sami finafinan Asiya su kansu. A farkon shekarun 2000 kamfanin Tartan na Ingila ya fito da tambarin Asia Extreme, ya tara Audition na Takashi Miike, Battle Royale na Kinji Fukasaku da Oldboy na Park Chan-wook a ƙarƙashin inuwa ɗaya, ya sayar da su da sunan tsananin da Turai ba ta iya yi. Ciniki ya yi kyau, amma kamar yadda mai bincike Chi-Yun Shin ta nuna, sakamakon shi ne wata tsara ta 'yan kallo ta ɗauka silimar Japan da Koriya ba ta da komai sai azabtarwa, bayan kuwa finafinan da mutanen can suka fi kallo na soyayya ne da barkwanci da rikicin iyali. Tun 1995 mai bincike Jeffrey Sconce ya lura cewa masu son finafinan da aka raina, duk da suna ganin kansu 'yan tawaye ne ga ɗanɗanon manya, sukan gina nasu matsayin ne a kan iya kallon abu daga sama, suna jin daɗinsa saboda rashin kyansa. Wannan kallo yana bukatar tazara. Wanda ya biya kuɗin tikitinsa a Orion ba shi da wannan tazara kuma bai neme ta ba. Da gaske yake kallo, in akta ya faɗi gabansa na faɗuwa.

Adalci ya wajaba a nan, don bukukuwan da masu tara kayan sun yi aikin da ba wanda ya yi. Ba don dillalan waje ba, da yawancin buhunan nan sun zama shimfiɗar shanya ko rufin akurki, kuma masu zanen da sana'arsu ta mutu suna samun abin rufin asiri daga odar da ake dariyarta. Kamfanin Celestial kuma ya sayi taskar Shaw Brothers mai finafinai wajen 760 ya gyara su, har aka ga ainihin launinsu da faɗin hotonsu bayan shekaru ana kallonsu a kaset mai hazo. Fantasia ce ta fara nuna Perfect Blue na Satoshi Kon a 1997. A Touch of Zen na King Hu, wanda ya ci kyauta a bikin Cannes a 1975, an gyara shi ya koma Cannes a 2015. Udine kuma, a ganina, ta fi sauran gaskiya, domin tana ƙoƙarin kawo abin da mutanen Seoul da Manila da Taipei suke kallo a zahiri, har da na kuka da na dariya, ta kuma bar hukunci a hannun zaure. Wannan ya fi kusa da yadda aka yi kallo a Plaza fiye da yadda ake yi a Cannes. Ƙorafina bai shafi son da suke yi ba. Ya shafi taswirar da suka zana, mai layi ɗaya daga Asiya zuwa Yamma, alhali layin da ya fi kauri ya bi ta Legas da Kano da Accra da Kampala ne.

Kampala ta ba da misali mai kyau. Nabwana I.G.G. ya tashi da finafinan kungfu, ya kafa ɗakin shirya fim a unguwar Wakaliga, ya yi Who Killed Captain Alex? a 2010 da 'yan kuɗi ƙalilan da 'yan wasan da suka koyi faɗan a unguwa. A 2019 fim ɗinsa Crazy World ya shiga sashen tsakar dare na Toronto. An karɓe shi da murna ta gaske, amma sau da yawa ana maganarsa kamar wani tsiro da ya fito a kan dutse, bayan kuwa ɗa ne na halak ga shekaru da dama na kallon Hong Kong a gidajen bidiyon Yuganda. Hatta muryar mai sharhi da ke bin fim ɗin tana fassara tana zolaya al'ada ce ta waɗannan gidaje. Mu ma muna da 'yar'uwarta a fassarar Indiya-Hausa, irin ta Algaita da takwarorinta a Kano, waɗanda suka shekara suna juya finafinan kudancin Indiya zuwa Hausa kafin Amurka ta farga da wannan silima ta hanyar fim ɗin RRR a 2022. Tun kafin wannan duka, a 1966, Moustapha Alassane na Nijar ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo ƙauye da akwatin kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka addabi gari. Fim ne a kan abin da kallo ke yi wa mai kallo, daga hannun wanda ya san abin daga ciki.

Laifin tsallake wannan tarihi ba na waje kaɗai ba ne. FESPACO, bikin finafinan Afirka da aka fara a Wagadugu a 1969, an gina ta ne a kan burin samar da silimar Afirka da za ta kori finafinan waje daga allunanmu, kuma a idon wannan buri kungfu da Indiya suna cikin abin da za a kora. Sai a 2015 ta buɗe babbar gasarta ga finafinan da ba a kan zaren fim aka ɗauka ba, wanda ke nufin shekaru da dama bidiyon Nijeriya da Gana, 'ya'yan waɗancan gidajen kallo, suna bakin ƙofa. A ƙasar Hausa kuma silima ta daɗe da sunan wurin 'yan iska, matan aure ba sa zuwa, ɗan mutunci in ya je ba ya faɗa. Zargin cewa finafinan faɗa sun ƙara wa daba kaifi ba a raina shi, iyayen da suka yi shi sun ga abin da suka gani. Amma ko da an karɓi zargin gaba ɗaya, hujja ce ta a yi nazari, don abin da ya iya canza tafiyar matasan birni guda ya fi ƙarfin a share shi da kunya.

Akwai alamar cewa aikin mai yiwuwa ne. Shaihu Umar na Adamu Halilu, fim ɗin 1976 da aka daɗe ana zaton ya ɓata, an gano zarensa a ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin Berlin na 2018. Sai dai taskokinmu, ko a inda suke aiki, finafinan da muka yi suke ajiyewa. Na waɗanda muka kalla kayansu daban ne: littattafan da manajojin silima ke rubuta fim ɗin kowane dare da kuɗin da ya shigo, takardun dillalan da ke rarraba zare daga Legas zuwa arewa, allunan da ake jinginawa a ƙofar gidan kallo an rubuta sunan fim da alli, sitikun bayan bas, kaset ɗin da aka rubuta wa sunan Hausa a gefe da biro. Yawancin tsofaffin silimun an rufe su ko an mayar da su wani abu, kuma takarda ba ta jure damina da gara. Waɗanda suka juya majigi ko suka yanki tikiti a shekarun Bruce Lee yanzu sun haura saba'in. Su ne za su iya faɗin wane fim ne aka riƙe mako biyu, wanne ne 'yan kallo suka tayar da hayaniya aka sake sa wani wurin, da sunan da gari ya raɗa wa kowane ɗan Chana. Ɗalibin digiri na biyu a Kano ko Zariya ko Damagaram, da na'urar ɗaukar murya a wayarsa da izinin malaminsa, zai iya tattara wannan cikin zangon karatu biyu, ya haɗa da hotunan duk allon da ya rage a unguwarsu.